Ƙamus ɗin Oxford na masu koyon Turanci, ko ouch bai bari ba

Masu tambayata wane ƙamus za su saya wa yaran da ke shirin WAEC ko JAMB, amsata dai ɗaya ce, Oxford Advanced Learner's Dictionary. Tun 1948 aka fara buga shi, wani malamin Turanci A. S. Hornby ne ya haɗa shi musamman don waɗanda Turanci ba yarensu ba ne, bugu na 10 kuma ya fito a 2020.

Abin da ya sa nake son shi, bai raina ƙananan kalmomi ba. Ga ouch nan da yaranmu ke kwasowa a katun suna ta maimaitawa, ka buɗe za ka same ta, zai ce maka kalma ce da ake furtawa idan zafi ya zo wa mutum kwatsam, har da misalin jimla. Kuma wallahi wannan kwatsam ɗin shi ne gaba ɗaya maganar, don da yawanmu mun ɗauka ouch ita ce wayyo, alhali ta fi kusa da wash. Allura ta soke ka, ƙofa ta datse maka yatsa, man suya ya fantsamo maka a hannu, nan ne wurinta. Wayyo kuwa tana ɗaukar har rasuwa da gobara, ouch ba ta da wannan nauyin ko kaɗan, shi ya sa raina ke ɓaci in na ga an sanar da rasuwa a guruf wani ya rubuta ouch wai shi ya jajanta, Bature ma ba ya yin haka. Suna dai faɗinta idan an gaya musu farashi mai tsada ko an yaɓa wa wani baƙar magana a gabansu. Sannan daban take da oops, ita wannan ta ƙaramin kuskure ce, kamar ka zubar da shayi.

Shafinsu na intanet kyauta ne, ka danna alamar lasifika ka ji lafazin Ingila da na Amurka, abin da littafin ba zai iya maka ba kenan.

Gaskiya ƙamus ɗin ba na ɗan firamare ba ne, bayanin gaba ɗaya da Turanci yake ba Hausa ko ɗaya, rubutun ƙanana ne sosai ga kuma nauyi a jaka. Amma ga ɗan sakandare zuwa sama ya ci kuɗinsa. Sai dai don Allah in za ku saya a kasuwa ku buɗe ku duba tsakiyarsa tukuna, akwai na jabu masu takarda shara-shara da tawada ta dushe, wani ma shafuka ne babu a ciki.