Mercedes 190E Evolution II: ta cancanci kuɗinta ga mai zama a Damagaram?

A cikin tsofaffin motocin tsere da dillalan Lome ke tallata wa attajiranmu ta WhatsApp, babu wadda ta fi ɗaukar ido irin Mercedes-Benz 190E 2.5-16 Evolution II, domin jikinta na Benz 190 ne da kowa ya sani, amma kuɗinta ya kai na gidaje. Wani ɗan kasuwa a Zengo ya nuna mini hotunan wadda aka yi masa tayi, yana neman shawara, kuma abin da na faɗa masa shi ne zan shimfiɗa a nan.

Motar kanta ba ta da abin kushewa. An fito da ita a bikin baje kolin motoci na Janeba a 1990, an kuma ƙera guda 502 kacal, saboda dokar gasar tseren DTM ta Jamus ta wajabta wa kamfani ya sayar wa jama'a aƙalla 500 kafin a bar motar ta shiga fili. Injinta mai lita 2.5 da bawul 16, wanda kamfanin Cosworth na Ingila ya sa hannu a ƙirarsa, yana ba da ƙarfin doki 235, tana kuma iya kaiwa kilomita 250 a awa. Da irinta ta tsere Klaus Ludwig ya lashe gasar a 1992. Sitiyarinta a hagu yake kamar na sauran motocinmu. Sai dai giyarta tana da tarko ga wanda bai saba ba: lamba ɗaya tana ƙasa ta hagu, ribas kuma yana sama, daidai inda hannun direba ya saba neman lamba ɗaya, don haka mai gaggawa zai iya tashi da baya ya daki katangar gidansa.

Matsala ta farko ita ce tabbatar da cewa ita ce. An ƙera Benz 190 fiye da miliyan 1.8 tsakanin 1982 da 1993, kuma babban fiffiken baya da faffaɗan kumatun taya da ake gane Evolution II da su ana sayar da kwaikwayonsu, ana ɗora wa mota gama-gari a fesa mata fenti. Ta gaskiya lambar shasinta tana farawa da WDB201036, akwai lambar jerinta a kan sandar giya, kuma in ban da guda biyu, duka launi ɗaya gare su, baƙi mai ɗan shuɗi-shuɗi. Hotunan da aka turo wa mutumin namu sun nuna fiffike ta kowace kusurwa, amma babu ko ɗaya na lambar shasi ko na littafin gyara. A ganina dillalin da ya ɓoye wannan ya riga ya ba da amsa.

A ce ma ta gaskiya ce. A gwanjon Turai masu lafiya daga cikinsu sukan wuce Yuro 200,000, wato sama da sefa miliyan 131, tun kafin a zo kan kuɗin jirgin ruwa, da na ɗauko ta daga tashar Lome, da haƙƙin duwan. Abin da masu saye ke biyan wannan kuɗi dominsa shi ne fentin asali, kayan asali, ƙarancin tafiya da cikakkun takardun gyara, kuma waɗannan su ne Damagaram ke cinyewa ɗaya bayan ɗaya. Zafin Afrilu da Mayu da ke haura digiri 40 yana fasa robobi da fatar kujera, ƙurar hunturu tana shiga ko'ina, leɓen gabanta kuwa ya yi ƙasa ƙwarai ga hanyar da ta rabu da gudrun. Gaskiya ne akwai maɓallin ɗaga jikinta, amma wannan tsari da mai yake aiki, kuma bayan shekaru fiye da 30 yoyo ba ya wuya. Injin yana son isansi mai inganci sosai, ruwa-ruwan kwalba a bakin titi ba nasa ba ne.

Makanikanmu gwanaye ne a kan 190 gama-gari, ba na raina su, amma gwanintarsu ita ce tada mota da abin da ya samu, kuma duk ƙarfen da ba na asali ba da aka ɗaura wa wannan mota miliyoyi yake zaftarewa daga darajarta. Ranar da mai ita ya so sayarwa kuma, masu sayenta suna Turai da Amurka da Japan, sai ya sake biyan kuɗin mayar da ita can.

Saboda haka ban ba shi shawarar saye ba. Wanda ke son ajiye dukiya a cikinta, ya saye ta a Turai bayan ƙwararre ya duba, ya bar ta can a garaji. Wanda kuma tuƙi yake so, ya nemi 190E 2.3-16 ko 2.5-16 marar babban fiffiken; da irin 2.3-16 ɗin ne direban tsere Ayrton Senna ya ci tseren Nürburgring a Jamus a 1984. An ƙera su da dubbai, kuɗinsu bai kama ƙafar na Evolution ba, yawancin kayan jikinsu sun yi daidai da na 190 da ke cikin gari, kuma idan tsakuwa ta karce fenti a hanyar Mirriya mai ita zai iya barci. Ita ma kafin a biya, a sa makaniki ya saurari sarƙar inji da safe tana sanyi, ya kuma leƙa ƙarƙashi ya duba tsatsa, domin gishirin da ake zubawa a titunan Turai lokacin ƙanƙara yana cin ƙarfe.