Bakaniken da ya gano ciwon Boxer ɗina da tiyon ƙarin ruwa

Jama'a bari in ba ku labarin wani bakanike da ke gefen titin Zariya a Kano, rumfa ce ƴar ƙarama ko allon suna babu. Mashin ɗina Boxer ta kusa wata biyu tana shan mai kamar ba gobe, kullum da safe in na fito sai in tarar da ɗigon fetur a ƙasa, fulogi baƙi ƙirin, ga warin mai a salansa. Kuma kun san tun da aka cire tallafi a 2023 kowane ɗigo kuɗi ne. Wajen mutum biyu na kai ta, kowa sai ya murɗa sukurun silo na kafireta (inda mai ke haɗuwa da iska), ya hura jet, wato ƴar ƙofar da mai ke bi, da baki, ya ce Oga shi ke nan. Ba abin da ya canza.

Shi wannan ko taɓa sukurun bai yi ba. Ya kafa mashin a dogon jak ta tsaya cak, ya ɗauko tiyon ƙarin ruwa irin na asibiti ya cusa a bakin magudanar da ke ƙasan kofin kafireta, ya lanƙwaso shi sama ya jingina da jikinta, sannan ya sassauta sukurun magudanar ya buɗe makunnin mai. Ina tsugune ina kallo fetur na hawa cikin tiyon, ya zo daidai layin gasket inda ya kamata ya tsaya amma ina, sai da ya haura sosai. Ya ce Malam ka gani ko, allurar fulot ce ba ta rufewa, wato wadda ke tsayar da shigar mai in kofin ya cika.

Da ya kwance kuwa sai ga kan allurar ya ci har ya yi zobe, ga jan laka kwance a gindin kofin, wai aikin man ƴan bumburutu ne, ni dai na yi shiru don na san halina. Ya sa sabuwa, ya wanke, ya sake aunawa har sau biyu kafin ya ɗaure. Ya ce da man ya yi ƙasa da layin kuma, da sai ta riƙa shaƙewa in na ja totur a kan hanya.

Matsalarsa ɗaya, jira. Na fi awa biyu a kan benci rana na dukana, yaransa kuma sun bar min baƙin mai a kan sit, sai da na goge da kaina. Amma yau kwana 12 ƙasan mashin a bushe yake.