Wane Madubin Hangen Nesa Ne Zai Nuna Maka Curin Taurari a Kano?

Kaza da 'ya'yanta kowa ya san ta, ido kawai ya isa. Curin taurari dabam ne: taurari dubu ɗaruruwa, wani ma miliyoyi, sun dunƙule wuri guda kamar curin fura, kuma suna da nisan gaske. Mu a Kano mun yi dace, domin mafi girmansu a tarin taurarinmu na Milky Way, Omega Centauri, mai taurari wajen miliyan 10, yakan ɗago kimanin digiri 30 ta kudu a daren Afrilu da Mayu. Mutumin Landan ba ya ganin sa ko da wane irin madubi ya mallaka.

In kuɗinka kaɗan ne, sayi tabarau mai ido biyu, 10x50, wato mai ƙara girma ninki 10 da faɗin baki milimita 50. Zai nuna maka Omega kamar ɗan tabon auduga, haka ma curin M4 da ke dab da jan tauraron nan Antares a jikin rukunin taurarin Kunama. Ba za ka ga taurarin ɗaya-ɗaya ba, amma za ka koyi sararin sama, kuma ba ka yi asara ba.

Siririn madubi mai gilashi a gaba, mai faɗin baki milimita 70 ko 80, wata yake so da zoben duniyar Saturn. A kan curi, audugar ce dai ta ɗan ƙara girma. Wanda kuwa aka rubuta "675x" a kwalinsa, bar shi a kanti, na wasan yara ne. Ƙarin girma mai amfani ba ya wuce ninki biyu na faɗin baki a milimita.

Ni dai Dobsoniya nake ba mutum shawara, wato kwaroro mai madubi a ƙasa, zaune kan akwatin katako. A milimita 150 gefen M13, curin da Edmond Halley ya gano a 1714, yakan fara tsattsagewa ya zama ƙwayoyi kamar gero. Mai 200 yana tara haske kusan ninki 8 na mai 70, a nan ne za ka ce sannu da aiki. Sai dai fa kaya ne: tsawonsa ya haura mita guda, nauyinsa wajen kilo 20, ka tabbata zai shiga mota ko a daidaita sahu, tunda hasken cikin gari yana kashe curi, dole ka fita wajen Tiga ko wani ƙauye a daren da babu wata. Bakinsa a buɗe yake, ƙurar hunturu kuma ba ta da kunya, don haka kada ka karɓa ba murfi.

Masu kwamfuta da ke juyawa da kansu suna da daɗi, amma rabin kuɗin ya tafi a inji da batir, madubin ya ƙanƙance. Manhajar Stellarium a waya za ta nuna maka inda curin yake. M13 a Yuni da Yuli yake hawa sosai ta arewa, ka dake shi a daren da ruwa ya ɗauke ya wanke sama.