Selmer Mark VI ko Yamaha 82Z?

Gwanin busa saksafon alto, wata irin algaitar Turawa ta ƙarfe, idan ya tashi sayen na fita kunya, sau da yawa tsakanin saksafon Mark VI na kamfanin Selmer da 82Z na kamfanin Yamaha yake rasa zaɓi. Mark VI ɗan Faransa ne, ƙirar 1954 zuwa 1974. Muryarsa dunƙulalliya ce mai ɗumi, tana bin numfashi: ka sassauta ta yi raɗa, ka matsa ta tsage. Sai dai da wuya ka sami biyu masu hali ɗaya. Wani zuma, wani sai an yi kokawa da sautinsa na sama. Ga tsada, ga gyara.

Shi kuwa 82Z na Japan muryarsa garau, sautinsa a zaune, maɓallansa ba gardama. Mai busa kullum a dandali, ni dai shi zan miƙa masa.