Garmahon da na saya ya cinye mini faifan Baba

Wata biyu ke nan da karɓar garmahon nan, sai yau na iya zama in rubuta wani abu a kansa, don da a makon farko na rubuta, da faɗa kawai za ku karanta. Kun san irinsa, wanda ake tallatawa a intanet da katon bututun tagulla kamar furen zaƙami, da akwatin katako mai sheƙi, da hoton karen nan da ya karkata kai yana saurare. Kun san masu sayar da shi, kun kuma san kuɗin ba na wasa ba ne.

Ba don ado na saya ba. Baba, Allah ya jiƙansa, ya yi aikin reluwe a Zariya, kuma a ƙasan adakarsa muka tarar da faya-fayai goma sha ɗaya, irin baƙaƙen nan masu nauyi da ke juyawa sau 78 a minti, waɗanda in sun faɗi sai su tarwatse kamar tangaran. Bakwai na hailaif ne na Gana da Legas. Huɗu kuwa na jaz ɗin baƙaƙen Amurka ne, bugun Ingila, wani Bature da suka yi aiki tare ya bar masa su lokacin da zai koma gida. Garmahon Baba ya mutu tun ban yi wayo ba, saboda haka na girma ina ganin faya-fayan nan ban taɓa jin muryarsu ba. Sunayen da ke jikinsu su suka sa na shiga bin tarihin kiɗan, na yi shekaru ina karantawa ina saurare a waya. Abin da ya rage mini shi ne in ji su daga faifan da hannun Baba ya taɓa.

Da na kira mai kaya na tambaye shi abu biyu: tsohon garmaho ne na gaske, kuma yaya batun allura? Ya ce, "Ranka ya daɗe, wannan tun zamanin Turawa yake. Allura kuma na sa maka uku, ɗaya ma sai ta yi maka shekara." Ku riƙe wannan magana.

Ranar da ya iso, bayan isha'i na zauna a ƙasa a falo, na goge faifan King Oliver, shugaban wata ƙungiyar makaɗan jaz, da tsumma mai laushi, na wana hannun garmahon har ya yi tauri, na sauke allura a hankali. Da farko shuuu kawai, kamar yayyafi a kan kwanon maƙwabta. Sai ga ƙahoni sun shigo, suna hawa kan juna suna sauka ba wanda ya take wani. Ana cikin haka aka ɗauke wuta. Fanka ta tsaya, firji ya yi tsit, amma kiɗa ko gezau. Wallahi tsigar jikina ta tashi, domin na san yadda aka ɗauki faifan nan. A watan Afrilun 1923 ne, a garin Richmond na jihar Indiyana, a ɗakin ɗaukar sauti na kamfanin Gennett, babu makirufo babu lasifika. Makaɗa su tsaya gaban wani katon bututu su busa, ƙarfin busar ya girgiza wani ɗan siririn faranti, farantin ya tura allura, allura ta zana layi a kan kaki. Abin da ya shiga ta bututu shekara ɗari da suka wuce, ga shi ta bututu yake fito mini a cikin duhu. Ɗakin na Gennett kuma dab da layin dogo yake, in jirgi ya taho dole a dakata har ya wuce. Mu da muka tashi a kwatas ɗin reluwe mun san wannan dakatawar, ko hira ake sai a yi shiru a bar jirgi ya gama nasa.

Louis Armstrong yana da shekara 21 a lokacin, yaron Oliver ne, shi ke busa ƙaho na biyu. Lil Hardin mai kaɗa musu piyano, wadda ya aura a 1924, ta ba da labarin cewa saboda ƙarfin busarsa sai da aka matsar da shi nesa da bututun don kada ya danne maigidansa. A kan "Chimes Blues" ɗin da ke hannuna aka fara jin sa shi kaɗai a faifai. Baby Dodds mai kaɗa musu ganga kuwa ba shi da halin dukan babbar ganga, don allura za ta yi tsalle daga kan kaki, sai ya koma ƙwanƙwasa ɗan katako. A waya ban taɓa kula da wannan ƙwas-ƙwas ɗin ba. A garmahon nan sai na ji shi kamar a bayan kujera yake.

Hajiya ta fito daga ɗakinta da tocila a hannu, ta tsaya a bakin ƙofa ta ce, "Kai, ina ka samo kiɗan Malam?" Ta zauna a hannun kujera, ba ta ƙara cewa komai ba har faifai ya ƙare. Sannan ta ce ranar Lahadi yake sa shi bayan la'asar, yana goge takalmin aiki. A daren nan na yafe wa mai kaya jinkirin sati uku da ya yi mini, na yafe lotsewar da ke gefen bututun. Da a lokacin aka ce in ba da maki, da na ba da duka.

Washegari na ɗauko wanda na fi so, "West End Blues". Oliver ne ya tsara shi, amma Armstrong ya ɗauka da ƙungiyarsa a Shikago ranar 28 ga Yunin 1928, Earl Hines na kan piyano. Zuwa lokacin makirufo ya riga ya shigo tun 1925, shi ya sa sautin ya fi na 1923 cika da haske nesa ba kusa ba. Ga wanda bai taɓa ji ba: faifan yana buɗewa da kakaki shi kaɗai, ba ganga ba piyano, ya gangaro ƙasa, ya juya ya haura sama har inda kake jin numfashi zai ƙare, ya tsaya can, sannan ya sauko a natse sauran su tarbe shi. Bai kai rabin minti ba. Na sa shi, na sake, na kira ƙanena, na kira abokai biyu, cikin kwana uku na juya shi ya fi sau goma. Duk da allura ɗaya, kamar yadda aka gaya mini.

A rana ta uku na ga wata ƙura mai launin toka ta taru a bakin allurar. Na hure ta, na ɗauka dattin adaka ne. Da na sake saukewa, daidai inda kakakin ke haurawa sai na ji ƙarrr, kamar ana yaga sabon yadi. Na ɗaga faifan a hasken taga. Layukan da suke baƙi wuluk suna sheƙi sun koma fari-fari.

Na naɗe garmaho da faifai na kai wa wani dattijo mai gyaran agogo a unguwarmu, wanda ya yi gyaran irinsu da ƙuruciya. Ya sa tabarau ya dubi faifan, ya dube ni.

"Ɗan nan, allura nawa ka canza?"

"Baba, ai ɗaya ce tun farko."

Ya dafe kai ya yi salati. Ya ce allurar ƙarfe fuska ɗaya ake ji da ita a yar, shi ya sa da can a 'yan gwangwanaye ake sayar da su ɗari-ɗari. An haɗa faifan da garin dutse ne da gangan don shi ya ci allura. In ta gama fuska ɗaya bakinta ya zama kurfi, ka mayar da ita kuma sai ta shiga sassaƙar faifai. Ƙurar da na hure, in ji shi, kiɗan ne da kansa. Sannan ya kwance ƙasan akwatin ya nuna mini: katako sabo fil har da ƙamshin fenti, injin ciki tsoho ne da aka ciro daga wani ƙaramin garmaho na hannu, hoton karen kuma sitika ce. Hannun da ke riƙe allura a karkace aka ɗaura shi, ga nauyin tsiya, ko da sabuwar allura ma sai ya ci faifai.

Na san za a ce ai kiɗan yana intanet, kuma gaskiya ne, yana wayata yanzu haka. Amma duk wanda ya bi tarihin nan ya san da ƙyar waɗannan mutane suka kai ga bututu. Edison ya ƙirƙiro na'urarsa ta ɗaukar sauti a 1877, Berliner ya zo da garmaho mai faifai a 1887, baƙaƙen New Orleans suna ta busa abinsu ba mai ɗauka. Buddy Bolden da ake kira sarkin masu ƙaho na farko, an kai shi asibitin masu taɓin hankali a 1907, can ya rasu a 1931, ko busa ɗaya tasa ba ta iso mana ba. Faifan jaz na farko da ya fita kasuwa a 1917 na fararen fata ne, Original Dixieland Jass Band. Sai da baƙar mawaƙiya Mamie Smith ta yi "Crazy Blues" a 1920 aka ga yadda baƙaƙe ke rububin saye, sannan kamfanoni suka buɗe ƙofa. Faifan da ya biyo wannan doguwar hanya, ya tsallako teku, ya kwana shekara da shekaru a adaka a zafin Zariya bai fashe ba, a bayan jakarsa ta takarda ga sunan Baba da rubutun hannunsa, shi aka sa na kankare cikin kwana uku da magana ɗaya ta ƙarya.

Na kira mai kaya. Ya ce, "Haba Alhaji, tsohon faifai ne fa, dama ya gama yayinsa." Na ce masa mai gyara ya nuna ba tsohon garmaho ba ne. Ya ce shi ma haka aka kawo masa, kuma kayan da aka kunna ba a mayarwa. Daga nan bai sake ɗaukar wayata ba.

Bayan wata guda zuciyata ta ɗan sauka. Wani ɗan'uwa ya aiko mini da gwangwanin allurai daga Landan, dattijon ya ɗan daidaita hannun ya sa wa injin mai, na ce bari in ba shi dama ta biyu, ko don daren nan na farko. Har na fara tunanin in rubuta cewa wanda zai kiyaye allura zai iya lallaɓa shi. Na ɗora Bessie Smith, "St. Louis Blues" na 1925, inda take jan baiti Armstrong na yi mata amshi da ƙaho, baiti bayan baiti. Farkon ya yi daɗi ƙwarai. Amma fuskar faifai minti uku ce kacal, kuma a wannan karon sifirin ɗin garmahon nan bai kai minti ukun ba. Ana tsakiya sai muryarta ta fara nauyi tana ja da ƙasa kamar mai magagin barci, dole in tashi in riƙa wana hannun garmahon, faifai na juyawa, allura na rawa a cikin layi. Da na ɗaga ta, sabuwar allura fa, sai ga 'yar ƙurar nan kuma a bakinta. Nan take na cire faifan, hannuna na ɓari.

Kada ku saya. Ko kyauta aka ba ku, kada ku ɗora masa faifan da kuke so. Na mayar da goma sha ɗayan cikin adaka, har da wanda ya lalace, kowanne a jakarsa. Garmahon yana kan kabad an rufe shi da zane. Dattijon ya ce akwai wani tsohon abokin aikinsa a Jos da ke da na gaske guda biyu, zai tambaya mini. Jiya ma Hajiya ta sake tambayata yaushe za a sa mata kiɗan Malam, na ce mata sai an samo wanda ba zai ci faifai ba.