Gargaɗi ga masu haɗa intanet a Nima da Mamobi: ana sayar da suwic na bogi

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Akwai wani mutum da ke tallar suwic (akwatin da ake jona wayoyin kwamfutoci da kyamarori a jikinsa don su haɗu) a Facebook da zaurukan WhatsApp, mai ramin jona waya 24, wai irin wanda ake shiga cikinsa a saita, kuma a rabin kuɗin kasuwa. Ƙarya yake yi. Ni ya cuta, ba labari aka ba ni ba.

Wani Alhaji a Nima, cikin Accra, ne ya kira ni aiki a gidansa na bene: shaguna a ƙasa, 'yan haya a sama, kyamarori takwas. Abu biyu yake so. Kada ɗan haya ya iya leƙa kyamarorinsa ko kwamfutar lissafinsa, sannan a gano masa wanda ke cinye intanet ɗin tun wata bai yi rabi ba.

Buƙatar farko aikin VLAN ce, wato raba na'urorin da ke kan suwic ɗaya zuwa sassa dabam-dabam. Kamar gida ɗaya ne a ja katanga a tsakiya, kowane sashe da ƙofarsa. Suwic ɗin yana liƙa wa kowane ƙunshin bayani lambar sashensa, daga 1 zuwa 4094, bisa ƙa'idar da ake kira 802.1Q. Sai ka sa kyamarori a 10, ofis a 20, 'yan haya a 30, babu mai ganin wani. Ta biyun kuwa ƙididdiga ce, domin kowane rami yana ƙirga abin da ya shiga, da abin da ya fita, da wanda ya lalace a hanya. Idan lalatattun suka yi yawa, yawanci wayar jonawa ce ko bakinta ya sami matsala, kuma wannan kaɗai yana rage wa ma'aikaci hawa tsani. Suwic na gama-gari ba ya yin ko ɗaya daga ciki, shi ya sa yake da araha.

Mutumin ya turo mini bidiyo yana buɗe shafin saiti, ga VLAN, ga lambobi suna motsi. Ya ce, "Yaya, saura biyu, turo rabi in ajiye maka." Da zan tura kuɗin ta MoMo sai na ga wani suna dabam ya fito. Ya ce na matarsa ne. A nan ya kamata in tsaya, amma ban tsaya ba. Muka yi alkawarin haɗuwa a Circle, babban shataletalen Accra, da lokaci ya yi ya ce yana Tema, zai aiko ɗan okada. Kwali sabo fil, tambari yana ƙyalli, na cika sauran kuɗin a bakin titi.

Da dare na jona. Fitilu suka kama, intanet yana wucewa, amma babu adireshin da zan shiga. Na sa wayar konsol, wadda ake shiga saitin suwic da ita kai tsaye daga kwamfuta, shiru. Washegari na kwance shi, sai ga ɗan ƙaramin allo a cikin ƙaton akwati, ramin konsol ɗin kuwa ba a haɗa shi da komai ba, ado ne kawai. An rubuta gudun megabit 1000 a jiki, kwamfutata ta nuna 100. Na kira lambar, a kashe. Kuɗin Alhaji amana ne, daga aljihuna na biya shi, kuma kunyar tsayuwa gabansa ta fi mini asarar ciwo.

Don Allah kada ku yi cinikin biri a sama. Ku tafi da kwamfutarku da wayoyin jonawa biyu. Ku shiga shafin saitin da hannunku, ku ƙirƙiri VLAN biyu, ku sa na'ura ɗaya a kowanne, ku tabbatar ɗaya ba ta samun ɗaya. Ku tura babban fayil tsakanin ramuka biyu na sashe ɗaya, ku ga ko ƙididdigar ramukan tana hawa. Sannan ku adana saitin, ku zare wuta ku mayar. Wannan gwajin na ƙarshe ba wasa ba ne a garin da muka san dumso, wato yawan ɗauke wuta, domin na'urar da ke manta saitinta za ta rushe katangar duk ranar da aka ɗauke wuta, ba tare da kowa ya sani ba. Ku kuma gwada lambar shaidar na'urar da ke kan takardar jikinta da wadda ke cikin shafin saitin, dole su zama ɗaya. Mai kayan gaskiya ba ya hana ka minti ashirin.

Wanda ya riga ya faɗa hannunsa, kada ya goge hirar ko saƙon MoMo. Ya sanar da kamfanin layinsa nan take, ya kai ƙara wajen 'yan sanda, ya kuma kira 292, layin hukumar tsaron intanet ta Gana. Na yi duka ukun.

Makon jiya wani ƙanena a Madina ya turo mini irin tallar, da sabon suna da sabuwar lamba, amma bidiyon ɗaya ne. Ku lura da shi da kyau: ko sau ɗaya ba a nuna wayar da ta taso daga kwamfutar ta shiga akwatin da ake sayarwa ba.