Wata uku ina kwas ɗin diflomasiyyar jama'a a Yamai

Shekarata bakwai ina fassara labarai daga Faransanci zuwa Hausa a wani gidan rediyo mai zaman kansa a nan Yamai. Da na ji wata makaranta a unguwar Wadata ta buɗe kwas ɗin yamma kan diflomasiyyar jama'a da sadarwar duniya, sai na biya jika 90 na shiga. Wata uku ne, Talata da Alhamis, daga bayan magariba zuwa tara da rabi. Mu goma sha takwas ne a aji.

Malamin shi ne ribar kuɗina. Da rana a jami'a yake koyarwa. Ranar farko ya yi mana bayani a taƙaice: wani tsohon jakadan Amurka, Edmund Gullion, shi ya fito da sunan fannin a 1965, kuma ana nufin yadda gwamnati ke neman shiga zuciyar talakawan wata ƙasa ba tare da ta bi ta kan shugabanninsu ba. Daga nan ya dube ni ya ce, "Malama, wace tasha mahaifinki yake kamawa bayan sallar asuba?" Na ce BBC, Malam, tun ina ƙarama a Madawa. Ya tashi ya rubuta a allo: BBC ta fara Hausa a 1957, Jamus da Sin a 1963, Muryar Amurka a 1979, RFI a 2007. Ya ce, to wa ke biyan albashin masu wannan magana, kuma me yake nema wurin dattijon da ke zaune kan tabarma a Madawa? Wallahi tun ina yarinya nake jin waɗannan tashoshin, amma ban taɓa yi wa kaina wannan tambayar ba.

Aikin da ya fi kama ni shi ne na mako na huɗu. Ya ba mu labari guda, ya ce kowa ya saurare shi a tashoshi huɗu ya rubuta kalmomin da aka zaɓa. Wata ta ce 'yan bindiga, wata 'yan ta'adda, wata 'yan tawaye. Wata ta fara da muryar minista, wata da muryar matar da ta gudo daga ƙauye. Ni da nake zaɓen irin waɗannan kalmomi kullum a bakin aiki, jikina ya yi sanyi. Tun daga ranar, kafin in miƙa fassara sai na sake duba wa na bai wa magana ta farko.

Sai dai makarantar ba ta kyauta mana ba a wasu wurare. Sau uku wuta ta ɗauke, ba inji, muka ƙarasa darasi da fitilar waya cikin zafin Afrilu. Takardun karatu ba su iso ba sai da muka ci rabin kwas. An kuma yi mana alkawarin ziyarar wani ofishin jakadanci, har aka ba mu takardar shaida ba a sake tayar da maganar ba. Komai da Faransanci aka yi, alhali rediyon Hausa muke nazari.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne, duk misalan na baƙi ne: yadda Amurka, Faransa, Sin da Turkiyya suke yi mana magana. Mu fa? Lokacin da Abdoul Razak Issoufou Alfaga ya ciyo azurfa a tekwando a Rio a 2016, mutanen da ba su taɓa jin sunan Nijar ba sun ga tutarmu. Ga kokowar gargajiya da takobinta, ga taron makiyaya na Ingal. Na faɗa wa Malam haka a gaban aji. Bai musa ba, ya ce in ɗauki kokowa a matsayin aikina na ƙarshe, kuma ya karanta shi layi-layi da jan biro.

Ɗan jarida ko mai aikin sadarwa a ƙungiya, ina ba shi shawara ya shiga. Amma kafin ya biya, ya tambayi wa zai koyar, ya kuma nemi a rubuta masa maganar ziyarar a takarda.